Shekara Goma a Gidan Sista

Da hannuna na buga wa Yaya takardar, har na saka masa ita a leda don kada ta yi datti. In na tuna wannan ledar, har yau sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Sana'ata buga takardu ce. Ina da ɗan shago a Potiskum, ba nisa da kotu, kwamfuta ɗaya da injin hoton takarda wanda sai an lallaɓa shi yake aiki. Mai ƙara da wanda aka yi ƙara duk wurina suke zuwa, in buga wa wannan koke, in buga wa wancan amsa. Lauya na so zama, Allah bai nufa ba, sai na huce a kan waya. Akwai shafukan da lauyoyi da malaman jami'a suke rubutu a intanet, duk hukuncin da manyan kotuna suka yanke sai su baje shi a faifai, wannan ya ce alƙalai sun yi daidai, wancan ya ce sun kwafsa. A shekarun da aka hana hawa babur, aka kuma riƙa kora mu gida tun rana ba ta faɗi ba, na kamu da karatun nan, ban kuma daina ba ko da gari ya fara lafawa. Abin da na karanta da rana shi nake kwasa in kai majalisarmu a unguwar Yindiski in juye musu bayan la'asar. Suka sa mini lauyan gindin bishiya. Zolaya ce, na sani, amma wallahi daɗinta nake ji.

Wata rana na zo musu da sabon zance. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wani hukunci a kan abin da malaman shari'a suke kira hauzi, shafukan nan kuwa sun ɗauki zafi a kansa. Na gyara zama na ce, "Ku saurara ku ƙaru. In mutum ya zauna a gida ko gona shekara goma, yana rushewa yana ginawa, mai wurin ya gani da idonsa bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to in ya zo daga baya ya ce wurinsa ne, ba a sauraronsa. Wanda ke ciki ya ce an ba shi ko an sayar masa, ya rantse, shi ke nan."

Wani tela da muke zama da shi ya ce, "To ashe in na ara maka ɗaki, na ba ka ke nan?"

Na ce a'a, aro daban, amana daban, amma sai in akwai shaidu. Na ce tsakanin 'yan'uwa kuma ba shekara goma ba ce, ana kai ta har arba'in, domin ɗan'uwa kan yi wa ɗan'uwa kara ya yi shiru. Na ce wanda tsoro ya rufe wa baki shi ma yana da uzuri. Na yi ta zuba kamar ni na rubuta littafin. Yayana, ɗan farin gidanmu, yana gefe a kan benci yana cin gyaɗa. Shi ba ya shiga irin wannan hira, cewa yake surutun marasa aikin yi ne. Ranar kuwa da aka watse sai ya biyo ni ya ce, "Wannan abin da ka karanta, buga mini shi a takarda." Zo ka ga yadda kaina ya kumbura! Na ce yau Yaya da kansa ya yarda ƙaninsa ya san wani abu.

Yanzu bari in faɗi wace ce Sista, don a san abin da na jefa a wuta.

Ma'aikaciyar jinya ce daga Filato, Kirista, aiki ya kawo ta Potiskum tun ina ɗan firamare. Mijinta ya rasu da wuri, ta tara abin da ta tara ta gina gida jikin namu, katanga ɗaya ce tsakani. Sunanta yana nan, amma babu mai kiransa, kowa Sista, mu kuma 'ya'yan gidanmu Mama muke ce mata. Hausarta tana da ɗan karkata irin ta mutanensu, to amma a garin nan wa zai yi wa wani dariya? Bangizime da Bakarekare da Babole kowa da irin tasa karkatar. Rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo duniya, har da 'ya'yan Yaya uku na farko. Ita da mahaifiyarmu, Inna, ta kan katanga suke miƙa wa juna gishiri da daddawa. Ranar salla tuwonmu na farko gidanta ake kaiwa, ranar Kirsimeti shinkafarta a gidanmu ake cinye ta.

Da fitinar masu bindiga ta yi tsanani, shekarar da ake bin mutane har gida, 'ya'yanta suka matsa mata ta koma. Da safe ta zo zauren gidanmu ta sami Baba, su biyu, ta damƙa masa makullai. Ni ina shago, Inna tana ciki. Da na dawo Baba ya ce mana, "Gidan Sista amana ne a wuyana har ta dawo." Kunnena ya ji wannan, kunnen Yaya ma ya ji.

A lokacin gidan da babu kowa abin tsoro ne. Ko waɗancan su laɓe a ciki, ko masu bincike su zo su ce an laɓe, duk layi ya shiga uku. Ga shi shagon Yaya ya ƙone a kasuwa, haya ta gagare shi, ga mata ga yara. Baba ya kira Sista a waya ya ce yana so yaron nan ya zauna ya tsare gidan. Ta ce ai gara haka. Yaya ya tare. Ba a yi shekara ba ya fasa katangar da ke tsakani ya yi ƙofa, ya rushe ɗan madafinta na tsakar gida ya gina ɗaki da bulo a wurin. Baba ya yi faɗa, amma a lokacin ciwo ya ci ƙarfinsa, faɗan nasa iyakarsa kan tabarma.

Da Baba ya rasu, Sista ta zo ta'aziyya. Ku tuna yadda hanya take a lokacin, shingen bincike kan shinge, a sauke ku ku taka da ƙafa hannu a sama. Matar nan ta biyo wannan hanya ta zo, ta kwana uku a ɗakin Inna. Ranar sadakar uku ni na raka ta ta leƙa gidanta. Ta tsaya a bakin sabuwar ƙofar, ta dubi inda madafinta yake a da, ta dubi ɗakin. Yaya yana tsaye yana sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Ka yi gini? To, Allah ya sa albarka." Ta juya muka koma wurin makoki. A raina na ce kai, matar nan ta fi mu iya zama da mutane. Wa zai ta da maganar gida a kan gawar da ba ta kwana huɗu ba?

Bayan nan takan kira Inna duk salla, su gaisa, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Gida kuwa ba ta taɓa ambata ba, tunda a ganinta yana hannunmu, mu da ta ɗauka 'ya'yanta.

Wata biyu da buga wa Yaya takardar nan, Sista ta kira ni. Ta ce ta yi ritaya, sanyin can yana damun gwiwoyinta, kuma ita duk tsaranta da ta sani a Potiskum suke. Tana so ta dawo ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta. Ta ce kada in ta da wa yayana hankali, ɗaki ɗaya ya ishe ta, shi ya ci gaba da zama a sauran har Allah ya hore masa. Na yi murna, na tafi da gudu in kai albishir. Na sami Yaya yana alwala a ƙofar gida, na faɗa masa. Bai ɗago ba, ya gama wanke ƙafarsa tukuna.

Ya ce, "Wane gida?"

Na ce, "Gidanta mana, Yaya."

Ya ce, "Gidan da ta ba Baba kyauta ranar da za ta tafi, Baba ya ba ni? Shekarata goma sha ɗaya a ciki. Ta zo ta ga na rushe na gina, ta sa albarka. Kai ne ma shaida."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kalmomina ne waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, yadda na jera su a majalisa. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. A gabanka Baba ya ce amana ce." Ya ce shi bai ji ba. Na ce matar nan ce fa ta yanke wa 'ya'yanka cibi. Ya ce ai aikinta ne. Nan na manta da girma, na faɗa masa maganganun da ban taɓa zaton bakina zai iya faɗa wa babban wa ba, har maƙwabta suka fito. Shi kuwa ko gezau. Ya ɗauki butarsa ya ce, "In ɗaki ɗaya na ba ta yau, na yarda gidan nata ne ke nan, gobe 'ya'yanta su zo su watsa mini kaya a titi. Ina zan kai yara tara? Kai da kake da baki, ka ba ni wurin da zan kai su."

Na shiga wurin Inna. Ta ji komai ta taga. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda kunyar ɗan fari, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba, balle ta tsaya ta yi masa faɗa. Na ce, "Inna, ki yi magana." Ta ce, "Me zan ce? Ban ga lokacin da aka ba da makullin ba." Na ce amma ai kin sani. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce in fita in ba ta wuri.

Dattawan unguwa sun gwada, liman ya gwada, mai unguwa ya kira shi har sau biyu. Kowa ya je sai Yaya ya zaro takardar nan daga leda ya ce ga abin da manyan alƙalai suka ce. Takardata! Har da ɗan baƙin layin da injina yake bari a gefen kowace takarda.

Sista ta zo da kanta. Ta sauka a gidan wata tsohuwar abokiyar aikinta a unguwar Ngojin, na je na same ta. Ta tsufa, tana dogara sanda, amma da ta gan ni sai ta ce, "Kai, har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Matarka ba ta ba ka abinci ne?" Na zauna na faɗa mata gaskiya, har da yadda takardar ta fito daga hannuna. Ta ce ba komai, ai ilimi ba laifi ba ne.

A nan na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Ɗanta ya ce a ɗauki lauya a je babbar kotu. Ni kuma, lauyan gindin bishiya, na ce ina! Can sai a shekara biyar ana ɗage zama. Na ce ta je kotun alƙali, ta sa hannu cewa ta yarda a yi mata shari'a a can, tunda doka ta ba wanda ba Musulmi ba wannan zaɓi. Na ce a shari'ar Musulunci babu abin da ya kai amana nauyi, kuma na san yayana, duk taurin kansa ba zai dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba. Ta ce, "In kai ka ce haka, haka za a yi." Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a wuyan wata na rataya nawa.

Na koma shafukan nan kamar mahaukaci. Na karanta duk abin da aka rubuta a kan hukuncin, har muhawarar da ake yi a ƙarƙashinsa. Wani malamin jami'a ya yi dogon rubutu cewa mutanen da rikici ya kora daga garuruwansu bai kamata a lissafa musu shekarun nan ba, domin tsoro uzuri ne. Wani lauya ya ce haka ne, amma sai mai ƙara ya faɗa da bakinsa cewa tsoron ne ya hana shi magana, alƙali ba zai ƙirƙira masa ba. Na ce alhamdu lillahi, ga ƙofa. Na koma Ngojin na zaunar da ita kamar mai koya wa yaro karatu.

Na ce, "Mama, alƙali zai tambaye ki me ya sa kika ga gini kika yi shiru. Kalma ɗaya za ki faɗa. Ki ce tsoro."

Ta ce, "Tsoron wa?"

Na ce, "Tsoron gari, tsoron halin da ake ciki. Ai ba ƙarya ba ne, tsoro ne ya kore ki."

Ta ce, "Shi ya kore ni, gaskiya ne."

Na ɗauka mun gama. Ban lura ba cewa tambayar da ta yi mini ban amsa ta ba.

Ranar zama kotu ta cika. Mutanen layinmu sun zo, maza a benci, mata a baya, yawancinsu ko ta karɓi haihuwarsu ko ta karɓi ta 'ya'yansu. Inna ba ta zo ba. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa. Sista ta yi bayaninta tsaf. Yaya ya zo da lauya, wani matashi mai ƙamshin turare, ya ce ba su musa cewa ita ta gina gidan ba, amma ta bayar da shi kyauta, kuma an shekara goma sha ɗaya.

Aka nemi shaidun amana. Wanda aka damƙa wa makulli yana kabari. Waɗanda suka ji daga bakinsa mu biyu ne, ɗaya shi ne ake ƙara. Aka kira ni. Na faɗi abin da Baba ya ce, na faɗa da ƙarfi don Yaya ya ji. Sai lauyan nan ya miƙe, cikin ladabi kamar ba mugu ba.

Ya ce, "Kana wurin lokacin da ta ba mahaifinku makulli?"

Na ce ba na nan.

"Ranar sadakar uku, wa ya raka ta cikin gidan?"

Na ce ni ne.

"Ta ga an rushe madafi an gina ɗaki?"

Na ce ta gani.

"Me ta ce?"

Na dubi alƙali, na dubi ƙasa. Na rantse zan faɗi gaskiya, kuma mutum goma a ɗakin nan sun san amsar. Na ce, "Ta ce Allah ya sa albarka." Na yi sauri na ƙara da cewa ranar makoki ce, kara ce ta yi, duk wanda ya san mutunci haka zai yi. Lauya ya ce ya gode, ya zauna. Na zo in taimake ta, na zama shaidar Yaya mafi ƙarfi.

Alƙali ya juya wurinta. Na lura da shi sarai, mutumin nan nema mata hanya yake yi. Ya ce, "Baiwar Allah, kin ga an rushe an gina a gidanki. Me ya hana ki magana a ranar, ko bayanta?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, uban yaran nan ne ya rasu. Kuma ai gida ɗaya muke. Ɗanka ya yi ɗaki a gidanka, sai ka kai shi ƙara?"

Lauya ya yi zumbur ya miƙe. Ya ce yana so kotu ta lura, sassaucin da shari'a ta yi na shekara arba'in na dangi ne, na jini ko na aure. Ya ce wannan mata da wanda yake karewa ba dangin iya ba na baba, maƙwabciya ce kawai, hukuncinta hukuncin bare.

Bare! Wallahi sai da wata mata a baya ta yi salati da ƙarfi. Na dubi Sista. Ba lauyan take kallo ba, Yaya take kallo, tana jira ya ce wani abu, ko da a'a ce ƙarama. Yaya ya kafa wa bango ido.

Alƙali ya tsawatar aka yi shiru. Ya sake sassauta murya, ya ce, "Zan tambaye ki a fili, ki yi tunani kafin ki amsa. Lokacin nan lokaci ne na fitina, kowa ya sani. Shin tsoro ne ya hana ki magana? Kina jin in kin nemi gidanki wani abu zai same ki daga wanda ke ciki, ko daga mutanen unguwa?"

Ga ƙofa a buɗe, har an riƙe mata labule. Ina daga benci ina gyaɗa mata kai kamar ƙadangare, ina cewa a zuci, faɗi mana, Mama, faɗi! Ta juya a hankali ta dubi mutanen layinmu, ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta juyo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, masu bindiga na ji tsoro, su suka kore ni. Amma mutanen nan? Ranar da aka shigo layinmu, a ɗakin uwar yaron nan na kwana, ƙarƙashin gadonta, ita tana zaune a bakin ƙofa. Ban taɓa jin tsoron mutanen gidan nan ba, ko sau ɗaya. Ba zan zo gaban hukuma in ce na ji ba."

Na dafe kai. Alƙali ya ajiye alƙalaminsa, ya cire tabarau ya goge. Ya sake tambayarta ko tana da wani uzuri, rashin lafiya ko rashin hanya. Ta ce hanya dai ta biyo ta ta zo ta'aziyya, lafiya kuma sai godiya. Ya ce to, saura rantsuwa.

A nan ne na riƙe numfashi, don duk ginin da na yi a kan wannan na yi shi. Na ce yanzu Yaya zai rushe. Mutumin da ya koya mini alwala, wanda ya taɓa zane ni don na rantse da Allah a kan ƙwallo. Aka ba shi buta ya fita, muna jin ƙarar ruwa daga waje. Ya dawo hannuwansa na ɗiga. Alƙali ya yi masa wa'azi mai tsawo a kan makomar mai rantsuwar ƙarya, ya ce har yanzu yana iya janyewa a yi sulhu. Na ce da ƙarfi, "Yaya, don darajar Baba!" Ɗan sandan kotu ya daka mini tsawa. Yaya ya miƙa hannu ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa kyauta aka ba mahaifinsa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Ban san lokacin da aka karanta hukunci ba. Na dai ga mutane suna fita ba mai kallon wani. A waje na tare ta, bakina yana ta zuba, na ce za mu ɗaukaka ƙara, na ce malamai da yawa sun rubuta cewa irin wannan hukunci ba zai tsaya a sama ba, na ce akwai wani sabon rubutu ma da na gani shekaranjiya. Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Ya isa, ɗana. In na ci a can, in dawo in zauna da wa?"

Ta ce jibi za ta koma, amma ba za ta tafi ba sai ta yi sallama da Inna.

Na faɗa wa Inna da na koma gida. Tun da labarin rantsuwar ya iso mata ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa.

Da hantsi ranar tafiyar ina ɗakin Inna, na kai mata koko ina lallashinta ta sha. Sai muka ji ƙarar sanda a zaure. Matar da shekara talatin ba ta taɓa tsayawa neman izini a gidan nan ba, ta tsaya a zaure kamar baƙuwa.

Ta ce, "Salamu alaikum."

Inna ta ƙanƙame hannuna. Na yunƙura zan tashi, ta jawo ni, ta ce a kunnena, "Da wane ido zan dube ta?"

"Salamu alaikum, masu gida."

Tsakar gida cike take da mutane. Matar Yaya tana bakin murhu, matata tana wanki, ga 'yan mata suna tsintar shinkafa. Kowa ya tsaya cak da abin da ke hannunsa, kowa yana jiran wani ya amsa. Ni ma ina jira. Ina iya fizge hannuna, tsohuwa ce, ƙarfinta nawa yake? Ban fizge ba. Na zauna da kofin koko a hannu ina tunanin abin da zan ce mata in na fita, ban samu ko kalma ɗaya ba.

Ta yi sallama ta uku, a hankali, ta kira Inna da sunan da su biyu kaɗai suke kiran juna da shi. Inna ta cusa mayafi a baki don kada kukanta ya fita.

Ta ɗan jira. Sannan muka ji sandar tana komawa, har ta fita daga zauren.